Taƙaddamar bindiga a Amurka: me ya sa wasu ke son a tsaurara doka, me ya sa wasu ke shakkar amfaninta?

Duk sanda aka wayi gari da labarin wani ya buɗe wuta a makaranta ko coci ko kanti a Amurka, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa, daga masu sauraron rediyo a gida har zuwa iyayen da suka tura 'ya'yansu karatu can. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa, daga masu sauƙi zuwa masu sarƙaƙiya. Ba zan ɓoye inda na karkata ba. Ina ganin akwai dokokin bindiga da ke ceton rayuka ƙwarai, akwai kuma waɗanda ƙurarsu ta fi amfaninsu, kuma abin da ke damuna shi ne a kan na biyun aka fi kai ruwa rana.

Idan aka ce “taƙaita mallakar bindiga”, me ake nufi takamaimai?

Ba doka ɗaya ba ce, tarin dokoki ne, kowacce da inda ta dosa. Wasu mai saye suke dubawa: a bincika ko ya taɓa aikata babban laifi, ko a ce sai ya samo lasisi, ko ya jira wasu kwanaki kafin a miƙa masa. Wasu irin bindigar suke dubawa da yawan harsashin da take ci. Wasu kuma a kan inda za a ajiye ta ne da inda aka yarda a shiga da ita. Mutum yana iya goyon bayan ɗaya ya ƙi sauran, kuma haka Amurkawa da yawa suke.

Manyan dokokin tarayya kusan duk sai da jini ya zuba aka yi su. Ta 1934 ta biyo bayan ta'asar gungun 'yan daba na zamanin da aka haramta giya. Ta 1968 ta zo bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a shekarar. Dokar Brady ta 1993 ta ci sunan James Brady, kakakin Shugaba Reagan, wanda harsashi ya nakasa a 1981 ranar da aka so kashe ubangidansa. Bayan waɗannan, kowace jiha cikin 50 tana da nata dokokin. Abin da zai kai mutum gidan yari a New York, a Texas ko kallo ba zai jawo masa ba.

Bindigogi nawa ne a ƙasar, kuma mutum nawa suke kashewa?

A ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey da aka fitar a 2018, fararen hula a Amurka na riƙe da bindigogi kimanin miliyan 393, wato wajen 120 ga kowane mutum 100. Sun fi mutanen ƙasar yawa. Ba kowa ke da ita ba dai: kusan ɗaya cikin uku na manya ne ke cewa sun mallaka, sai dai da yawansu ba a guda ɗaya suka tsaya ba.

Hukumar lafiya ta CDC ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021. Cikinsu 26,328 su suka kashe kansu, 20,958 wani ne ya kashe su, ragowar kuma kuskure ne da harbin jami'an tsaro da waɗanda ba a tantance ba. Harbin kan mai uwa da wabi, wanda shi muke ji a labarai, ɗan ƙaramin kaso ne a ciki. A riƙe waɗannan alƙaluma, don kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kansu suka dogara.

Me ya hana gwamnati ta haramta ta kawai kowa ya huta?

Kundin tsarin mulki ne. Gyara na biyu da aka yi masa a 1791 ya fara da maganar rundunar sa-kai mai tsari, ya ƙare da cewa ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa ba. An daɗe ana gardamar ko haƙƙin runduna ne ko na ɗaiɗaiku, sai a 2008 Kotun Ƙoli, da alƙalai 5 a kan 4, ta ce a shari'ar Heller haƙƙin mutum ne ya ajiye bindiga a gidansa don kare kansa. A 2022, a shari'ar Bruen, ta faɗaɗa shi zuwa wajen gida, ta kuma ce duk dokar bindiga sai ta dace da abin da tarihin ƙasar ya saba. Ba a buɗe ƙofar gaba ɗaya ba: a 2024 kotun ta amince a hana bindiga ga wanda alƙali ya ce ya nisanci abokiyar zamansa saboda barazanar da yake mata.

Sai kuma Majalisar Dattawa, inda yawancin ƙudurori ke buƙatar ƙuri'a 60 cikin 100 kafin su wuce, kuma jihar Wyoming da ba ta kai mutum 600,000 ba tana da sanata biyu daidai da Kalifoniya mai kusan miliyan 39. A Afrilun 2013 ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya samu ƙuri'a 54, ya mutu a nan. Sai a Yunin 2022 aka iya yin wata babbar doka, ta farko cikin kusan shekara 30, wadda ta tsananta binciken masu sayen da ba su kai shekara 21 ba.

Mene ne ainihin abin da ke ingiza masu neman a tsaurara?

Da yawansu gawa suka gani. A ranar 14 ga Disamban 2012 wani saurayi ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a jihar Connecticut ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya 6. Washegari wata uwa a Indiana, Shannon Watts, ta buɗe shafi a Facebook wanda ya zama ƙungiyar Moms Demand Action. Lucy McBath ɗanta mai shekara 17 aka harbe a gidan mai a Florida a 2012 saboda ƙarar kiɗan motar da yake ciki; a 2018 ta ci zaɓen Majalisar Wakilai daga Georgia. Gabby Giffords tana 'yar majalisa aka harbe ta a ka a 2011, ta rayu da nakasa, kuma ita kanta mai bindiga ce. Wanda bai sha zafin rana ba shi ke cewa inuwa ba ta da daɗi; duk wanda zai ce waɗannan mutane siyasa ce ta kawo su bai saurare su ba.

Akwai wani rukuni da kyamara ba ta cika zuwa wurinsu ba. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 15 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, amma fiye da rabin waɗanda ake kashewa da bindiga daga cikinsu suke. Uwar da ke unguwannin kudancin Chicago ko Baltimore ba ta jiran wani gagarumin hari. Kowane ƙarshen mako ana kai ɗan maƙwabta maƙabarta. Akwai likitocin yara, waɗanda suka ga a 2020 bindiga ta zarce hatsarin mota wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19. Akwai masu aiki da matan da ake duka a gida, waɗanda bincike ya nuna musu cewa idan mai dukan yana da bindiga, hatsarin kashe matar yana ninkawa wajen sau biyar.

Hujjarsu ta asali mai sauƙi ce. Ba su ce Amurkawa sun fi kowa mugunta ba. Faɗa da fashi da baƙin ciki ko'ina akwai su. Abin da suke cewa shi ne bindiga tana mayar da faɗan da zai ƙare a asibiti ya ƙare a maƙabarta.

To amma babu wata manufa a ɓoye? Ana cewa so ake a ƙwace gaba ɗaya.

Zargin bai taso haka kawai ba. A muhawarar 'yan takarar jam'iyyar Democrat a 2019, Beto O'Rourke ya fito fili ya ce lallai za a karɓe bindigogin AR-15 da AK-47, wato dogayen bindigogi masu siffar na soja. Duk sanda wani ɗan siyasa ya yaba wa Ostireliya, mai bindiga yana jin an ce za a zo a karɓa, don abin da aka yi can ke nan. Akwai kuma raini. Manomin da ya gaji farauta daga kakansa yana jin mutanen manyan birane na kallonsa a matsayin bagidaje, kuma a wasu lokuta gaskiyarsa ce. Ga kuma kuɗin attajirai irin su Michael Bloomberg da ke ɗaukar nauyin ƙungiyoyin, mutanen da su kansu ba sa yawo sai da masu gadi.

Duk da haka, masu son haramci gaba ɗaya tsiraru ne. A 1959 kashi 60 cikin 100 na waɗanda cibiyar Gallup ta tambaya sun goyi bayan haramta ƙananan bindigogi. Yanzu adadin ya sauko ƙasa da kashi 30. Binciken mai saye kuwa fiye da kashi 80 ke goyon bayansa, har da masu bindiga. A ganina rashin yarda ne ya lalata al'amarin: ɓangaren masu bindiga na tsoron idan ya ba da hannu za a kama gwiwa, shi ya sa ko ƙaramar doka ba ya bari ta wuce. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA, wadda aka kafa a 1871 don koyar da harbi, tun da masu tsattsauran ra'ayi suka karɓe ta a taron Cincinnati na 1977 take rura wannan tsoro.

Ai mai laifi ba ya bin doka. Ashe ba mutanen kirki kaɗai ake takurawa ba?

Wannan ita ce hujja mafi nauyi ta masu shakka, kuma tana da ƙashin gaskiya. Ma'aikatar Shari'a ta tambayi fursunoni a 2016 inda suka samo bindigar da suke ɗauke da ita lokacin aikata laifi. Kusan kashi 43 cikin 100 a bayan fage suka saya, kashi 25 daga dangi ko aboki, kashi 6 sata. Kashi 10 kacal ne suka saya a shago ko makamancinsa. Dokar da ta tsaya a kan kantar shago ba ta ga tara cikin goma ba.

Sai dai a tambaya: bindigar bayan fagen daga ina ta fito? Amurka ba ƙasar da ake shigo wa da makamai ta daji ba ce. Kusan kowace bindigar da aka kama a hannun ɗan fashi ta fara rayuwarta da halas a shago, sannan wani mai tsabtataccen suna ya saya wa wanda aka hana, ko aka sace ta a motar da aka bari a buɗe, ko aka sayar hannu da hannu ba bincike. Doka ba za ta shiryar da mai laifi ba, amma tana iya sa kayan su yi masa tsada da wuyar samu. Kuma fiye da rabin mamatan hujjar ba ta shafe su ba, kamar yadda amsa ta gaba za ta nuna.

Me ya haɗa masu kashe kansu da wannan magana? Wanda ya yi niyya ai zai nemi wata hanya.

Haka hankali ke rayawa, amma abin da likitoci suka gani ya saɓa. Sau da yawa niyyar ta ɗan lokaci ce, tana zuwa cikin tsananin ƙunci ta wuce. Wanda ya yi yunƙuri da bindiga, kusan tara cikin goma ba sa tashi. Wanda ya yi da ƙwayoyi, mafi yawa ana ceto su. Cikin waɗanda suka tsira kuma, kusan tara cikin goma ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Ke nan abin da ke kusa da hannun mutum a wannan sa'a shi ke raba rai da mutuwa.

Rundunar sojan Isra'ila ta gwada wannan a 2006, ta hana ƙananan sojoji tafiya gida da bindigoginsu a ƙarshen mako, sai kashe kai a cikinta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. A Amurka kuma jihohin karkara masu yawan bindiga, irin su Montana da Wyoming da Alaska, su ne kan gaba a wannan musiba, kuma yawancin mamatan fararen fata ne maza. Abin yana min ciwo: mutanen da suka fi adawa da dokar su ne suka fi binne 'yan uwansu ta nan, kuma binciken tarihin laifi ba ya kama su, don ba su da laifin komai. Jiran kwanaki kafin a miƙa bindiga da kulle ta a akwati su suka fi dacewa da su.

Haramta irin su AR-15 zai rage kashe-kashe?

Nan ne aka fi ɗaga murya, nan ne kuma hujja ta fi rauni. A alƙaluman FBI, dogayen bindigogi kowace iri ba su wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na kisan da ake yi da bindiga ba. Ƙaramar bindiga ta aljihu ita ce ke yin mafi yawan ɓarnar. An ma taɓa gwadawa. Daga 1994 zuwa 2004 dokar tarayya ta hana sayar da sababbin bindigogi masu siffar na soja da gidan harsashi mai cin fiye da 10. Amma ta bar waɗanda ke hannun mutane, kamfanoni kuma suka cire 'yan abubuwan da dokar ta lissafa suka ci gaba da sayarwa. Binciken da aka yi wa Ma'aikatar Shari'a a 2004 ya ce tasirinta kan laifuka, in ma akwai, ya yi ƙanƙantar da ba a iya aunawa. Harin makarantar Columbine a 1999 dokar na aiki aka kai shi, kuma wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007 ƙananan bindigogi biyu ya riƙe.

Masu goyon baya za su ce ba don rage kisan yau da kullum suke nema ba, don rage yawan gawarwaki ne a rana irin ta Sandy Hook, ko ta makarantar Uvalde a Texas, ko Las Vegas, inda mutum ɗaya ya harba harsashi fiye da 1,000 cikin kusan minti goma a 2017. Nan maganar gidan harsashi ta fi ta siffar bindiga ma'ana. Wanda ya harbi Giffords lokacin da ya tsaya sake ɗura harsashi aka danne shi.

Binciken mai saye fa, yana aiki?

Tun da aka fara shi ya hana ciniki miliyoyi, amma yana da ɓaraka. Dokar tarayya dillalai masu lasisi ta ɗora wa shi, ba mutumin da ya sayar wa maƙwabcinsa ba. Idan kwana uku na aiki suka wuce ba amsa, dillali na iya miƙawa; ta haka wanda ya kashe mutum 9 a cocin baƙaƙen fata a Charleston a 2015 ya samu tasa. Wanda ya kashe 26 a cocin Sutherland Springs a 2017 kuwa, rundunar sojan sama ce ba ta aika da bayanin hukuncin da aka taɓa yanke masa ba.

Wani abu da masu goyon baya ba su cika son ji ba: Kalifoniya ta wajabta bincike a kowane ciniki tun 1991, kuma masu binciken da su kansu ke goyon bayan dokar ba su ga canji a yawan kisa ba cikin shekara goma da suka biyo baya. Inda aka ga bambanci shi ne inda aka haɗa binciken da lasisi, mutum ya je da ƙafarsa gaban hukuma. Masana a jami'ar Johns Hopkins sun ga kisan bindiga ya ragu a Connecticut bayan ta kafa wannan tsari a 1995, ya kuma ƙaru a Missouri bayan ta soke nata a 2007. Wanda aka aika ya saya wa wani yakan yi shakkar tsayawa gaban ɗan sanda, wanda ya zo cikin fushi kuma yakan huce kafin takarda ta fito.

Chicago na da tsauraran dokoki, amma ga kisa. Wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba, amma ba maganar banza ba ce. Rahoton da birnin ya fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na bindigogin da aka kama daga wasu jihohi suka zo, Indiana a gaba, wadda tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Idan aka auna da yawan jama'a, St. Louis da Memphis da New Orleans, da ke jihohi masu sassaucin doka, sun fi Chicago kisa, haka Mississippi da Louisiana sun ninka Massachusetts da New York. Mai shakka zai amsa da cewa Vermont da Maine da New Hampshire doka a sake take, kisa kuma kaɗan ne, don haka talauci da wariya da fataucin ƙwaya su ne tushe. Shi ma bai yi ƙarya ba.

Ostireliya da Birtaniya da New Zealand sun yi, me ya sa Amurka ba za ta kwaikwaya ba?

Bayan an kashe mutum 35 a Port Arthur a Afrilun 1996, Firaminista John Howard, ɗan ra'ayin riƙau, ya haɗa kan jihohin Ostireliya cikin kwanaki kaɗan. Aka haramta wasu nau'o'i, aka wajabta lasisi da rajista, gwamnati ta saye bindigogi wajen 650,000 ta lalata. An yi manyan hare-hare 13 cikin shekara 18 kafin nan, bayan nan kuma aka yi sama da shekara 20 ba irinsu. Masu shakka na nuna cewa mace-macen bindiga dama sun fara sauka kafin dokar, kuma masana sun saɓa kan nawa ne rabonta a ciki. Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane. New Zealand kuma, bayan an kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na Christchurch ranar Juma'a, 15 ga Maris 2019, ko wata ba a yi ba majalisarta ta yi doka da ƙuri'a 119 a kan 1.

Babu ɗayansu da ke da irin gyara na biyu da aka yi bayani a sama, kuma babu mai bindigogi irin na Amurka. Ostireliya kusan kashi ɗaya cikin biyar ta karɓa; kwatankwacin haka a Amurka ya doshi miliyan 80. Akwai kuma ƙasashe biyu da ke hana kowane ɓangare sakewa. Siwizalan na da bindigogi da yawa, kisa kaɗan, amma da izini ake saye kuma samun iznin yawo da ita wuya ne. Meziko dokarta tana cikin mafiya tsauri, ana kashe dubun dubata a shekara, amma kusan kashi 70 cikin 100 na bindigogin da aka bi sawunsu daga Amurka suka tsallaka.

Mutumin kirki mai bindiga ba shi ne maganin mugu mai bindiga ba?

Maganar da shugaban NRA na lokacin, Wayne LaPierre, ya yi ke nan mako guda bayan Sandy Hook. Yakan faru. A Yulin 2022 wani saurayi ɗan shekara 22 ya harbe maharin da ya buɗe wuta a wata kasuwa a Greenwood, Indiana, cikin daƙiƙu kaɗan. Amma wata biyu kafin nan, a Uvalde, jami'an tsaro 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin da aka kashe yara 19 da malamai 2. Kowane ɓangare ya ɗauki Uvalde hujja: wannan ya ce bindigogi ɗari uku ba su ceci yara ba, wancan ya ce ga dalilin da ba zan jira hukuma ba.

Sau nawa ake kare kai da bindiga a shekara? Wani bincike na 1995 ya ce sau miliyan 2.5, ƙidayar da gwamnati ke yi ta waɗanda laifi ya shafa kuma ba ta kai 100,000 ba. Tazarar kaɗai ta isa ta nuna inda ilimin ya tsaya. Ba na raina tsoron matar da ke zaune ita kaɗai nesa da ofishin 'yan sanda. Sai dai bindigar da ke cikin gida tana nan ranar da ɓarawo ya zo, tana nan kuma ranar faɗan miji da mata, da ranar da yaro ya buɗe durowa, da daren baƙin cikin da aka ambata a amsar kashe kai.

Me ya sa masana ba su raba gardama ba har yanzu?

An daɗe da ɗaure musu hannu. A 1996, bayan wani bincike ya danganta ajiye bindiga a gida da ƙaruwar hatsarin kisa, majalisa ta hana CDC kashe kuɗi kan duk abin da zai tallata taƙaita bindiga. Jay Dickey, wanda ya kawo ƙudurin, ya yi nadama daga baya. Sai a ƙarshen 2019 aka sake ware dala miliyan 25. Dokar 1986 kuma ta haramta rajistar bindigogi ta ƙasa.

Cibiyar RAND, wadda ba ta cikin kowane ɓangare, tana tace binciken da ake da shi tun 2018. Hujja mafi ƙarfi da ta samu ita ce dokar hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai kai tana rage mutuwar yara, dokokin da suka sassauta harbi da sunan kare kai a bainar jama'a kuma suna ƙara kisa. A kan dokoki da yawa cewa ta yi hujja ba ta isa ba, wanda ba daidai yake da cewa ba sa aiki ba.

Ba taɓin hankali ne tushen abin ba?

A wajen kashe kai yana da babban rabo. A wajen kashe wasu kuwa ƙaramin kaso ne, kuma masu wannan larura sun fi zama waɗanda ake cuta. Abin da ya fi nuna hatsari shi ne hali: barazana, dukan iyali, maye. Don haka jihohi fiye da 20 suka yi dokar da ke ba alƙali damar karɓe bindigar mutum na ɗan lokaci idan ya nuna alamun hatsari. Connecticut ta fara a 1999, Florida ta bi bayan kashe mutum 17 a makarantar Parkland a 2018, gwamnan Republican ne ma ya sa hannu. Masu suka na cewa ana karɓar kayan mutum kafin a ji ta bakinsa. Dokar kuma sai an motsa ta: New York na da ita, amma ba a yi amfani da ita kan wanda ya kashe baƙaƙen fata 10 a Buffalo a 2022 ba, alhali an taɓa kai shi asibiti kan barazana.

Wa dokar ke faɗawa a kai idan aka zo aiwatarwa?

Wannan shakkar daga cikin gida take fitowa. Bayan yaƙin basasa, jihohin kudu sun yi dokokin hana 'yantattun bayi riƙe makami. Martin Luther King ya nemi iznin ɗaukar bindiga a 1956 bayan an jefa bam gidansa, aka hana shi. Kalifoniya ta haramta yawo da bindiga mai harsashi a fili a 1967 ne bayan 'yan ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panthers sun fara yi, Reagan yana gwamna. A New York, da sunan neman bindiga 'yan sanda suka tare mutane fiye da sau 685,000 a 2011 kaɗai, akasarinsu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka, kusan tara cikin goma ba su da laifin komai, har kotu ta ce a 2013 an keta tsarin mulki. A shari'ar Bruen ma, wasu lauyoyin da ke kare talakawa a birnin sun goyi bayan a soke dokar, don waɗanda take ɗaurewa su ne waɗanda suke karewa.

Shi ya sa wasu suka koma ga hanyar da ba ta taɓa gyara na biyu ba. A Boston a 1996 'yan sanda da limaman coci da ma'aikatan unguwa suka gano cewa 'yan tsirarun matasa ne ke yawancin harbin, suka tara su ido da ido, aka yi musu gargaɗi aka kuma yi musu tayin taimako. Kisan matasa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Irin wannan aiki ba ya cika fili da 'yan zanga-zanga, kuma da zarar kuɗi sun yanke yakan mutu.

Mu da ke fama da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, wannan gardama ta shafe mu?

Ta shafe mu, amma a juye. Dokar Najeriya ta fi ta Amurka tsauri nesa ba kusa ba: makamai irin na soja sai da iznin shugaban ƙasa, na farauta da kare kai sai na Sufeto Janar, ko bindigar toka tana buƙatar iznin kwamishinan 'yan sanda. Amma ga AK-47 a kafaɗar yara a daji, musamman tun da rumbunan makaman Libiya suka fashe a 2011. Manomin da ya ce doka shi kaɗai ta ɗaure ba ya buƙatar wani Ba'amurke ya koya masa wannan hujja. Gwamna Aminu Masari ya ce wa mutanen Katsina su kare kansu a 2021, Bello Matawalle kuma ya ce wa na Zamfara su nemi lasisin bindiga a Yunin 2022, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Sai dai mun ga ɗaya fuskar ma. 'Yan sa-kai don kare ƙauye suka tashi, amma kashe Fulani a kasuwanni ba shari'a yana cikin abin da ya hura wutar ramuwa, har ta kai gwamnatoci na haramta su. Daga baya Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024, wato bindiga a hannun ɗan gari amma da suna a rajista, da horo, da shugaban da za a tuhuma. Tambayoyin da zan so a riƙa yi wa gwamnonin su ne: wa ke riƙe da lissafin waɗannan bindigogi da harsasansu, a ina ake ajiye su da dare, wa ke hukunta wanda ya harbi marar laifi, kuma ranar da daji ya lafa, wa zai bi gida gida ya karɓo su?